Ɗigon Jini Kafin Allura: Yadda Ake Gano Sammore a Garkunan Bosso

Makiyayin da ya yi shekara talatin yana bin shanu tsakanin Beji da Garatu ba ya bukatar a koya masa kamannin saniya mai sammore. Tun daga nesa yake tsinto ta a cikin garke. Ita ce a baya in an kora, gashin jikinta ya tashi ya dushe, tozo ya kwanta, ido na zubar da hawaye, gashin jela na kakkaɓewa, wani lokaci ma a gan ta tana lasar ƙasa. In ya shafa gaban kafaɗarta ya ji kaluluwa ta kumbura, ya gama yanke hukunci. Ranar kasuwa zai sayo ƙullin Berenil, ya dama da ruwa, ya soka mata.

Sau da yawa yakan dace. Amma ciwon hanta ma haka yake mayar da saniya, haka tsutsar ciki, haka cututtukan da kaska ke sawa, haka yunwar ƙarshen rani. Dukkansu jini suke sha, dukkansu rama suke kawowa, kuma saniya ɗaya tana iya ɗaukar biyu ko uku a lokaci guda. Ido yana kai mutum ga zato ne kawai. Mai tabbatarwa shi ne jinin dabbar, kuma yawancin aikin ana iya gama shi kafin azahar, a gindin bishiya kusa da ruga.

Ƙaramar hukumar Bosso, mai hedkwata a Maikunkele, wuri ne da wannan gwaji ya dace da shi ƙwarai. Ruwa yana sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, ga kogin Chanchaga da ƙananan rafuka masu duhuwar itatuwa a gefensu, irin inuwa da laimar da ƙudan tsando na bakin ruwa ke so. A tsakiyar Najeriya manyan ƙudajen tsando masu yaɗa sammore su ne nau'o'in da masana ke kira Glossina palpalis da Glossina tachinoides. Da ciyawar tudu ta bushe, shanu sukan gangara mashaya, su tarar da ƙudan yana jira. Ga kuma garkunan da ke ratsawa kudu cin rani su dawo, ga waɗanda ake sayowa daga kasuwanni irin ta Mariga. Yawancinsu Bunaji ne, farfarun shanun Fulani, da Bokolo da Rahaji, waɗanda ba su da juriyar da Muturu da N'Dama ke da ita ga wannan cuta.

Ƙwayoyin da ake nema uku ne: Trypanosoma vivax, Trypanosoma congolense da Trypanosoma brucei. Ta ukun ta samo sunanta daga David Bruce, likitan sojan Birtaniya da ya danganta cutar da ƙudan tsando a ƙasar Zulu a 1895. Ta farkon tana da wani ƙarin fitina: ba sai da tsando take yaɗuwa ba. Bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo suna iya ɗaukar ta a baki daga wannan saniya zuwa waccan, haka ma allurar da aka soka wa dabba goma ba a canza ba. Saboda haka cewa "ai mu nan babu tsando" ba ta wanke garke.

Akwai ɗabi'a guda ta waɗannan ƙwayoyi da duk mai gwaji ya kamata ya riƙe, domin ita ce ke bayyana yawancin kurakuran da ake yi. Ƙwayar tana sanye da wata riga ta sinadari wadda take canzawa. Garkuwar jikin saniya takan gane rigar ta kashe mafi yawansu, sai 'yan kaɗan da suka sauya riga su tsira su hayayyafa, su sake cika jini. Haka abin ke tafiya, hawa da sauka, zazzaɓi na bin sawu. Ranar hawa, ɗigo ɗaya ya isa a gansu birjik. Ranar sauka, sai a duba har ido ya gaji ba a ga ko ɗaya ba, alhali saniyar na ɗauke da cutar. Idan ciwo ya daɗe a jiki, ranakun sauka sun fi yawa.

Don haka aikin yana farawa ne da lokaci. Da sassafe ake zuwa, kafin a saki shanu kiwo, lokacin da suke wuri ɗaya kuma rana ba ta yi zafin da zai kashe ƙwayoyin a cikin kwalba ba. Mai hankali yakan fara da gaisawa da Ardo ko mai garke, ya nuna masa kayan aikin, ya faɗi yawan jinin da zai ɗiba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Makiyayi da yawa ba sa son a taɓa jinin dabbar da suke gani ta riga ta rame, kuma suna da hujjar tambaya. Amsar mai sauƙi ce: saniya mai kilo 300 tana da jini kusan lita 20, abin da za a ɗiba daga jijiyar wuya kuwa mililita 3 zuwa 5 ne, bai wuce ƙaramin cokali ba. Daga kunne ma ɗigo biyu ne.

Tambaya ɗaya kuma ba a tsallake ta: yaushe aka yi wa dabbar allura ta ƙarshe, kuma da wane magani? Saniyar da aka soka wa Berenil shekaranjiya jininta zai fito fes, sakamakon kuma ba shi da amfani.

Wurin ɗiba biyu ne. Ana soka tsinin allura a ƙaramar jijiyar bayan kunne, a kanga siririn bututun gilashi mai maganin hana daskarewa ya zuƙi jinin da kansa. Jinin kunne yana da fifiko wajen kama congolense, domin ita tana son maƙalewa a ƙananan jijiyoyi. Idan kuwa za a kai jinin ɗakin gwaji a Minna, sai a ɗiba daga wuya a zuba a kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, wadda ke da sinadarin EDTA, a juya ta a hankali sau 'yan kaɗan, kada a girgiza. A rubuta lamba a jikin kwalbar nan take, a rubuta sunan da makiyayi ke kiran saniyar a littafi kusa da lambar. A saka a kula mai ƙanƙara, amma a naɗe ƙanƙarar da tsumma kada kwalba ta jingina da ita. Daga nan agogo ya fara gudu: cikin awa 4 zuwa 6 ake so a duba, domin motsin ƙwayar shi ne babban abin da ido ke kamawa, matacciya kuwa ba ta motsi. Kowace dabba da allurarta sabuwa, mai ɗiba kuma da safar hannu. Sammoren shanu ba shi ne ke sa wa mutum ciwon barci ba, amma jinin shanu na iya ɗauke da bakkale, shi kuwa yana kama mutane.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ɗanyen ɗigo. A ɗiga jini kaɗan a kan gilashi, a rufe da siririn murfin gilashi, a sa a madubin likita, a ƙara girma sau 400. Ba ƙwayar ake fara gani ba, jajayen ƙwayoyin jini ake gani suna rawa a wani gefe kamar an zuga su, sai a bi wurin. Wanda ya saba yakan gane iri daga tafiya. Vivax tana keta fili ta wuce kamar kibiya, kafin a daidaita madubi ta ɓace. Congolense gajeruwa ce, mai nawa, tana mutsu-mutsu wuri ɗaya, sau da yawa a manne da jar ƙwaya. Brucei tana da kuzari amma ba ta nisa, zagaye take yi a ɗan wuri. Raunin wannan gwaji shi ne sai ƙwayoyin sun kai wajen 10,000 a kowace mililita kafin a yi tsammanin ganinsu. Saniyar da ta kwana biyu da ciwo galibi ba ta kai haka ba.

A nan ne injin wulwula jini ya shigo, kuma shi ne zuciyar aikin. A 1970 wani masani mai suna Patrick Woo ya bayyana dabarar tattara ƙwayoyin wuri ɗaya ta hanyar wulwula jini a siririn bututu. Bututun tsawonsa milimita 75 ne, yana ɗaukar kusan maikirolita 70. A cika shi har kashi uku cikin huɗu, a toshe gindinsa da ɗanko na musamman, a jera a injin, toshiyar tana kallon waje, kowane bututu da abokinsa a ɗaya ɓangaren don kada injin ya yi rawa. A kunna na minti 5, gudun juyi kusan 12,000 a minti. Da an fito da shi za a ga jinin ya rabu uku: jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, ruwan jini mai kalar ɗorawa a sama, tsakaninsu kuma wata siririyar farar ɗamara ta fararen ƙwayoyi. Ƙwayoyin sammore a wannan ɗamara da ɗan samanta suke taruwa. Abin da ya warwatsu a cikin jini duka ya dawo wuri ɗaya da bai kai faɗin ƙwayar gero ba.

Kafin a nemi ƙwaya, a fara karanta bututun. Ana ɗora shi a kan ma'auni a ga kashi nawa cikin ɗari jajayen ƙwayoyin suka ci. Wannan lamba ita ake kira PCV. Lafiyayyar saniya tana tsakanin 24 da 46. Wadda ta sauka ƙasa da 24 jininta ya yi ƙaranci, wadda ta kai 15 kuwa tana bakin rami, ko kora ta da gudu na iya kayar da ita. Wannan lamba ta cancanci daraja fiye da yadda ake ba ta. Madubi yana faɗin ko akwai ƙwaya, PCV kuwa yana faɗin irin ɓarnar da aka yi wa dabbar, kuma shi ne abin da za a kwatanta da shi in an dawo.

Sannan a nemi ƙwayar. A hanyar Woo, ana kwantar da bututun a ƙarƙashin madubi yadda yake, a dubi daidai farar ɗamarar ana mirgina shi a hankali, za a gansu suna wutsil-wutsil a bakin ruwan jini. Yana da sauri, amma gane iri yana da wuya ta cikin gilashi mai lanƙwasa. A 1977 Max Murray da abokan aikinsa suka ƙara mataki ɗaya. A sa alƙalami mai bakin lu'ulu'u a karce bututun milimita 1 ƙasa da ɗamarar, a karya, a matso ɗamarar da ɗan abin da ke kewaye da ita a kan gilashi, a rufe, a duba da hasken madubi a rage. Dalilin yanka ƙasa da ɗamara shi ne congolense takan laɓe a saman jajayen ƙwayoyin, wanda ya yanka daidai kan farin zai bar ta a baya. Da wannan hanya ana iya kama cutar ko da ƙwayoyin 'yan ɗaruruwa ne a mililita, kuma ana ganin tafiyarsu sarai a gane iri. A yi haƙuri a duba gilashin gaba ɗaya kafin a rubuta babu. Masu gaggawa sukan leƙa fili biyar su ɗaga kai.

Abin da ke hana wannan aiki a ƙauye ba ilimi ba ne, wuta ce. Injin yana bukatar lantarki, don haka ko a zo da ƙaramin janareto, ko injin da ke aiki da batirin mota, ko a ɗebi jinin a garzaya gari. Sa'ar Bosso ita ce kusanci. Rugar da ke wajen Maikunkele ko Shata ba ta da nisan da zai cinye awa shida kafin a kai asibitin dabbobi na jiha ko ɗakunan gwaji na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda ke da harabarta ta farko a Bosso ɗin kanta. Babur da kula mai ƙanƙara sun wadatar.

Kowace dabba kuma a yi mata shafaffen gilashi, domin shi ne shaidar da ke zama. A ɗiga ɗan jini a gefe, a ja shi da bakin wani gilashin ya bazu siriri, a kaɗa ya bushe, a kare shi daga ƙuda domin ƙuda na lashe jinin tas. A tsoma a sinadarin metanol na minti biyu, a rina da Giemsa na rabin awa, a wanke, a duba da mai a girma sau 1,000. A nan siffa ke magana. Congolense ƙarama ce, ba ta da bulalar da ta zarce jiki. Vivax ta fi ta tsawo, wajen maikiron 20 zuwa 27, gindinta a dunƙule da babban ɗigo a can ƙarshensa, ga bulala a sake. Brucei tana zuwa da dogaye da gajeru a gilashi ɗaya, da wata fata mai lanƙwasa a gefen jiki da ta fito fili. Wani lokaci sai a ci karo da wata ƙatuwa da ta ninka waɗannan biyu ko uku. Theileri ke nan, tana zaune a jinin shanu a ko'ina cikin duniya, galibi ba ta cutarwa, kuma sabon ma'aikaci yakan firgita da ita ya rubuta magani a banza. Babbar ribar wannan gilashi ita ce yana tona asirin cututtukan kaska, Babesia da Anaplasma, da ke zaune a cikin jajayen ƙwayoyin. A haɗa da ɗan kashin dabbar a nemi ƙwan tsutsa da na ciwon hanta, sai hoton ya cika.

To, yaya ake karanta abin da aka samu? Ƙwaya ta bayyana, PCV ya faɗi: babu gardama, a yi magani. Ƙwaya ta bayyana amma PCV yana da kyau: ko sabon kamu ne, ko dabba ce mai juriya, a sa mata ido sosai. Mai wuyar ita ce saniyar da PCV ɗinta yake 19, madubi kuma bai ga komai ba. Kuskure ne babba a ce wa mai ita ba ta da sammore. Abin da za a ce masa shi ne ba a gani ba yau. A duba kashi, a duba gilashin Giemsa, a sake ɗibar jini bayan kwana biyu ko uku, a kuma dubi 'yan uwanta. Idan an samu ƙwaya a wasu shanun garken, ita kuma ba a samu wani dalilin ƙarancin jininta ba, likita yana da hujjar yi mata maganin sammore.

Shi ya sa gwajin garke ya fi gwajin saniya ɗaya. Lissafin a bayyane yake: idan ɗaya cikin goma na babban garke na ɗauke da cutar, aka zaɓi 30 ba tare da son rai ba, da wuya ƙwarai a rasa mai ita a cikinsu. Sai dai makiyayi yakan turo ramammu kawai. A karɓe su, a kuma roƙi a haɗa da masu ƙiba da 'yan maruƙa.

Girman abin da madubi ke bari ya wuce ya fito fili da aka fara amfani da gwajin PCR, wanda ke neman sinadarin gadon ƙwayar maimakon ƙwayar kanta. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan shanu 411 daga jihohin Ogun da Kaduna ya samu kashi 15 cikin ɗari da madubi, PCR kuwa ya samu kusan kashi 64 a jinin shanun nan dai. A shekarar ce kuma aka wallafa binciken tsaunin Jos, wurin da aka daɗe ana ɗauka ya fi ƙarfin tsando, inda aka gwada shanu fiye da 7,000 a ƙauyuka 30 aka samu kusan kashi 47 na ɗauke da cutar. PCR yana da wani sauƙi ga mai aiki a daji: ana ɗiga jini a takardar tacewa ta musamman, a busar a inuwa, a sa a ambulan, ba ruwansa da ƙanƙara. Irin wannan ake aikawa manyan cibiyoyi kamar Cibiyar Binciken Sammore ta Najeriya da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1947 don Afirka ta Yamma, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom. Amma yana da tsada, sakamako kuma yana ɗaukar kwanaki ko makonni. Aikinsa shi ne ya nuna wa hukuma inda cutar take da irin da ya fi yawa. Saniyar da ke kwance yau ba za ta jira shi ba.

Gwajin ELISA da danginsa, masu neman garkuwar da jiki ya ƙera, suna da nasu iyaka. Garkuwar takan yi watanni a jini bayan an warke, don haka suna faɗin cewa dabba ta taɓa haɗuwa da cutar ne kawai.

Me ya sa za a sha duk wannan wahala alhali ƙullin magani na nan a kowace kasuwa? Domin magungunan 'yan kaɗan ne kuma tsofaffi. Berenil ya fito tun 1955, Samorin ya biyo baya a farkon shekarun 1960, kuma har yau su ne jigon abin da ake da shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa ana yin allurar sammore wajen miliyan 35 a shekara a Afirka, duk da haka shanu kusan miliyan 3 na mutuwa. An tabbatar da ƙwayoyin da suka daina jin magani a ƙasashe da dama na nahiyar, Najeriya na ciki. Duk allurar da aka yi a makance, ko aka raba ƙulli ɗaya ga shanu uku don tsimi, horo ce ake ba ƙwayar. Abin takaici ne a ga mutum ya sayar da karsana don sayen maganin da ba na ciwon garkensa ba, ciwon hanta kuma na ci gaba da cin sauran.

Sanin iri yana canza awo. Berenil ana ba da miligiram 3.5 ga kowane kilo na nauyin dabba don vivax da congolense, brucei kuwa tana bukatar ninki biyu. Ƙullin nan na giram 2.36 an yi shi ne don dabba mai kilo 300 a ƙaramin awo, saboda haka babban bijimi ya fi ƙarfin ƙulli ɗaya. A auna ƙirji da tef ɗin awon nauyi maimakon kintace, a dama da ruwan da aka tafasa ya huce, a soka can cikin tsoka. A kuma faɗa wa matan gida kwanakin da takardar maganin ta ce a dakata da sayar da nonon saniyar, a faɗa wa mai ita na nama.

Ziyara ta biyu tana da muhimmanci kamar ta farko, ita ce kuma aka fi watsarwa. Bayan kwana 14 a koma rugar da littafin nan, a kira shanun da sunayensu, a sake cika bututu. Idan ɗamarar ta fito fes, PCV ya tashi daga 19 zuwa 24 ko 25, magani ya ci. Idan ƙwaya na nan, abu uku ake tuhuma bi da bi: awon bai kai ba, maganin jabu ne ko ya lalace a rana, ko kuwa ƙwayar ta daina jin sa. Na farko da na biyu ana gane su da tambaya da duba ragowar ƙullin, shi ya sa ake roƙon makiyayi ya adana takardar. In na ukun ne, likita ya sauya zuwa Samorin, ya ɗiga jinin saniyar a takardar tacewa, ya rubuta sunan rugar da kwanan wata da rafin da garken ke sha, ya aika Kaduna.